Tarihin Yaƙi Da Hayaƙin Injin Gas: Daga Tirela Zuwa Jirgin Ƙasa

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya gefe, mu shiga tarihi.

Kwanaki wani direban tirela ya kawo min wayarsa canjin sikirin. Yana zaune yana jira sai ya fara ba ni labari, wai motar da maigidansa ya sayo daga Turai ta daina ja, ga lodi ga hanya, amma ta ƙi gudu. Da aka duba sai aka ga wani ɗan tanki mai shuɗin murfi ne ya ƙare. Ya ce min, "Malam, mota ba mai kaɗai take sha ba yanzu, har da wani ruwa!" Wannan ruwan shi ne AdBlue, kuma akwai dogon tarihi a bayansa.

MATSALAR TUN DAGA TUSHE

Bajamushe Rudolf Diesel ne ya ƙirƙiro wannan inji, wanda ya fara aiki sosai a 1897 a garin Augsburg. Injin gas ba ya da fulogi kamar na fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafi ƙwarai, sai a fesa mai ya kama da kansa. Shi ya sa yake da ƙarfi ga tattalin mai. Daga shekarun 1940 zuwa 1950 ya kori jiragen ƙasa masu amfani da kwal a Amurka. Kan jirgin ƙasa na zamani kusan babban janareta ne a kan taya: injin gas na juya janareta, wutar ta tafi ga motocin lantarki da ke juya tayoyin.

Amma abubuwa biyu masu cutarwa suna fita ta salansa. Na farko baƙin hayaƙi, wato ƙananan ɓurɓushin man da bai ƙone duka ba, masu shiga can cikin huhu. Na biyu iskar da ake kira NOx, wadda ke samuwa idan zafi ya yi yawa har sinadaran naitirojin da oksijin na cikin iska suka haɗe. Ga inda gizo ke saƙar: ka ƙara zafi don mai ya ƙone tas, NOx ya ƙaru. Ka rage zafi, baƙin hayaƙi ya ƙaru. Gaba kura baya sayaki kenan. Duk tarihin nan a kan wannan yake.

DOKA CE TA TILASTA

A farkon shekarun 1950 wani masani mai suna Arie Haagen-Smit ya gano cewa hazon da ke sa idon mutanen Los Angeles hawaye yana fitowa ne daga NOx da tururin mai idan rana ta buge su. A 1970 Amurka ta ƙarfafa dokar tsaftar iska, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta EPA. Daga nan aka riƙa matsa wa masu ƙera injina, mataki bayan mataki.

Wasu kuma sai suka bi ta bayan gida. A 1998 gwamnatin Amurka ta kama manyan kamfanoni bakwai masu ƙera injin tirela, ciki har da Caterpillar, Cummins, Mack da Volvo. Manhajar da ke cikin kwamfutar injin tana nuna hali mai kyau lokacin gwaji, amma idan mota ta hau doguwar hanya sai ta canza saiti don rage shan mai, NOx ya yi sama. Sasancin da aka yi ya ci su sama da dala biliyan 1. Irin wannan dabarar ce aka sake kama Volkswagen da ita a 2015, a motoci kusan miliyan 11. Kun ga manhaja ba a waya kaɗai take wasa da mutane ba.

MAGANI UKU

Na farko EGR. Ana ɗiban wani kaso na hayaƙin, a sanyaya shi, a mayar cikin inji. Yana rage zafin wutar, sai NOx ya ragu.

Na biyu DPF, wato matata a jikin salansa mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, tana kama baƙin hayaƙi. Idan ta cika, injin na ɗaga zafi ya ƙone abin da ya taru.

Na uku SCR. A nan ne AdBlue ke shigowa. Ruwan ba wani abin mamaki ba ne: kashi 32.5 cikin ɗari yuriya ce tatacciya, 'yar uwar takin da manomanmu suka sani, sauran tsaftataccen ruwa. Ana fesa shi cikin salansa, zafi ya mayar da shi amoniya, ita kuma ta mayar da NOx zuwa naitirojin da tururin ruwa. An fara amfani da wannan fasaha a tashoshin wutar lantarki na Japan a shekarun 1970, kafin ta shiga tirela a 2004.

Sai dai duk waɗannan ba sa jituwa da man da ke da salfa da yawa, wato farar wuta, domin tana lalata su. Dole sai da aka fara gyara mai. A 2006 Amurka ta rage salfar man gas daga 500 zuwa 15 cikin miliyan. DPF ta biyo baya a 2007, SCR a 2010. Kamfanin Navistar ya ce shi EGR kaɗai zai yi ba ruwansa da yuriya, abin bai yi ba, a 2012 ya dawo layi bayan asara mai yawa.

SAI AKA ZO KAN JIRGIN ƘASA

Jirgin ƙasa ya daɗe ba wanda ya taɓa shi. Dokar EPA ta farko a kansa sai a shekarar 2000 ta fara aiki. A 2008 aka fito da sabon mataki mai tsauri da ake kira Tier 4, aka ce daga 2015 duk sabon kan jirgi sai ya rage NOx daga giram 5.5 zuwa 1.3 a kowane ƙarfin doki cikin awa ɗaya, baƙin hayaƙi kuma daga 0.10 zuwa 0.03.

Kamfanonin jiragen kaya suka ce ba sa son yuriya, domin sai sun gina wuraren zuba ta a layuka masu dubban kilomita. Masu ƙera kan jirgi manya biyu ne a lokacin, GE da EMD. GE ya yi nasarar cika sharaɗin da EGR, da fesa mai da matsanancin ƙarfi, ba tare da yuriya ba, a injin mai ƙarfin doki 4,400. Shi kuwa EMD tsohon injinsa mai suna 710 ya kasa, sai da ya ƙera sabo mai suna 1010, ya rasa kasuwar sababbin jirage a Amurka na sama da shekara guda. Jiragen fasinja kuma, irin Charger na Siemens mai injin Cummins, su SCR suka ɗauka.

Amma kan jirgi yana iya shekara 30 zuwa 40 yana aiki, don haka kamfanoni da yawa sun gwammace gyara tsofaffi a kan sayen sababbi. Doka ta fi saurin tafiya a takarda.

INA YA SHAFE MU?

A 2012 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin injin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fallasa yadda ake kawo wa Afirka ta Yamma mai mai salfa da yawa. A lokacin dokar Najeriya ta yarda da 3,000 cikin miliyan, Turai kuwa 10. A ƙarshen shekarar ne Najeriya, Ghana, Benin, Togo da Kwaddibuwa suka amince su sauko zuwa 50.

Wannan na cikin dalilan da ya sa idan motar Turai ta zo nan, DPF ke saurin toshewa, sai bakanike ya cire ta, a yi wa kwamfutar motar filashin ta manta da AdBlue gaba ɗaya. Mu masu gyaran waya mun san irin aikin nan sarai. Na fahimci mai mota, kuɗi yake gudu. Amma hayaƙin da aka ɗauki shekaru ana neman maganinsa, shi ne yake komawa huhun yaran mota, masu talla a bakin titi, da mu da ke zaune a shago kusa da janareta tun safe har dare.

Shi dai direban nan na ce masa su nemi AdBlue na asali su zuba, kada su yarda a zuba ruwan famfo ko takin gona, zai kashe famfon da nozul. Ya yi dariya ya ce sai abin da maigida ya ce.

Idan akwai bakanike ko direban babbar mota a cikinku, ya faɗa mana yadda kuke fama da wannan abu. Allah Ya ba mu lafiya, sai mun haɗu a rubutu na gaba.