Biran Tsibirin Bioko

Daga gaɓar Kamaru zuwa tsibirin Bioko tafiyar ba ta kai kilomita 40 ba, amma teku ta raba su tun shekaru wajen 10,000, shi ya sa biran can suka fita daban. Akwai wani jan biri da ake kira Pennant, wanda duk duniya babu shi sai a kudancin tsibirin.

Mun saba ɗora wa Turawa laifi, kuma suna da nasu kason. 'Yan Fotugal sun iso wajen 1472, Sifaniya ta karɓi tsibirin a 1778, daga baya aka sare dajin gaɓa aka dasa koko. Duk da haka birai sun tsira a kan tsaunuka.

Ni a ganina man fetur ne ya fi cutar da su. Da aka fara haƙo shi a shekarun 1990, kuɗi suka kwararo Malabo, naman daji ya zama cimar masu hali, mafarauta suka riƙa hawa tsaunukan da bindiga. A 2007 gwamnatin Ikwatoriyal Gini ta haramta farautar birai. Kasuwa ta ɗan lafa, amma da aka ga ba a aiki da dokar, naman biri ya dawo kan tebur fiye da da.