Kaka ta yi a Matameye: ina matasan gida za su nufa?



Kaka ta yi. Gero ya shiga rumbu, ana cirar gyaɗa, ana roron wake, ga rantire ta zo a farkon Oktoba. Duk gidan da ke da yaro ko yarinya mai shekara 13 zuwa 18 ya san wannan lokaci ne na yanke shawara. Wane zai koma lakwal? Wane zai bi malam zuwa gabas? Wace za a yi wa aure? Wane ne kuma ya riga ya ɗaure jakarsa a ɓoye, yana jiran a kammala sussuka ya shiga mota? Tambayoyin nan ba yau suka fara ba, don haka bari mu ɗan waiwaya.

A zamanin kakanninmu, gandu ne ke riƙe da matashi. Da safe kowa yana gonar maigida, da yamma ko ranar hutu yaro ya nufi gayaunarsa, wadda wasu ke kira gamana. Abin da ya noma a can nasa ne. Shi kuma maigida akwai nauyi a kansa: ya ciyar, ya biya wa yaro lanho, ya yi masa auren fari. Kun ga ke nan yarjejeniya ce, ko da ba a rubuce take ba. Ka ba gida ƙarfinka da damina, gida ya biya ka da kaka.

Gyaɗa ce ta ba wannan yarjejeniya ƙarfi. Tun zamanin Turawan Faransa, ƙasar Kance da Magarya suna cikin manyan wuraren noman ta, har aka kafa masana'antar matsar man gyaɗa a nan Matameye. A 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA don sayen gyaɗar manoma, kuma a shekarun 1960 gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin kuɗin abin da Nijar ke sayarwa waje. Dattawa suna ba da labarin cewa da an buɗe awo, gari ya ɗauki harama. Saurayi ya sayar da ta gayaunarsa ya ɗinka riga, mai rabo ya sayi keke. Budurwa ta soya ƙuli-ƙuli, ta tara kuɗin kwanoni tare da uwarta. Da dare ga dandali, ga kalankuwa, ga kokawa tsakanin ƙauyuka. Ana zuwa ci-rani Kano ta Daura tun a lokacin, amma da izinin maigida, kuma kafin shuka an dawo.

Sai farin 1973 da 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975. Kuɗin ƙasa ya koma ga yuraniyom na Arlit, SONARA ta yi ta ja da baya, masana'antar mai ta tsaya. Seyni Kountché, da ya hau mulki a 1974, ya farfaɗo da samariya: kowane gari da sarkin samarinsa, ana gayya, ana gina azuzuwa, ana wasannin gargajiya. Samariya ta ba matasa abin yi da wurin taruwa, sai dai ba ta mayar wa maigida kuɗin gyaɗarsa ba. Jama'a kuma na ƙaruwa, gona na raguwa. Filin da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki nawa ne suka raba shi? A gidaje da yawa babu sauran gayaunar da za a yanka wa yaro.

Da samariya ta mutu bayan zuwan dimokuraɗiyya a farkon shekarun 1990, sai fada ta maye gurbinta, daga Damagaram har ƙauyukanmu. Mu ƴan rediyo muna da hannu a ciki, domin fadodi da dama sun fara ne a matsayin ƙungiyoyin masu saurare da aiko gaisuwa. A fada, kan tabarma da butar shayi, nan yaro ke jin labarin wanda ya dawo daga Libiya da babur. Shawarar da a da ake yankewa a zaure, yanzu a can ake yanke ta, uba shi ne na ƙarshen ji.

Kada kuma mu ɗora wa yara laifin duka. A ƙarshen Oktoban 2013, daidai irin wannan lokaci na kaka, aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. Yara 52, mata 33, maza 7, galibinsu daga wannan yanki namu na Kance. Ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku. Allah Ya jiƙan su da rahama. Waɗannan yara ba daga fada suka gudu ba, manya ne suka riƙo hannunsu, saboda rumbu bai cika ba. An yi dokar hana safarar baƙin haure a 2015, aka soke ta a Nuwamban 2023, amma doka ba ta taɓa cika rumbu ba.

Ni ma na taɓa ɗaure jaka. Ina aji uku na koleji, bakans ta ƙare, abokaina biyu za su Kano tallar ruwa, na ce sai na bi su. Innata ce ta gano, ta faɗa wa mahaifina. Na zaci duka zan sha. Sai ya kira ni zaure bayan isha'i ya ce: "Nawa kake so ka samo a can?" Na ce: "Baba, ko jika goma, in sayi takalmi da kaye." Ya yi shiru, can ya ce: "Wakena na gefen gona naka ne bana. Ka rore shi, ka kai kasuwa da kanka, ka koma lakwal." Bai kai jika goma ba, wallahi, amma ranar na ji ni ma mutum ne a gidanmu. Daga baya na gane gayauna ce ya yanka mini, irin wadda ubansa ya yanka masa.

Abin da nake so mu ɗauka ke nan. Kakanninmu ba da tsawa kaɗai suka riƙe matasa ba, sun ba su rabo, sun kuma zauna da su. Yau ko babu fili, akwai akuya ɗaya, akwai kwano biyar na wake, akwai kwarya guda ta jarin ƙuli-ƙuli. Yarinyar da ta ci jarrabawar shiga koleji, kafin a karɓi goron aurenta, Inna, a tambaye ta me take so. Yaron da ya nace sai ya tafi, Baba, gara ya tafi da saninka, ka san wurin wa zai sauka da ranar dawowarsa, da ya fita da asuba ba sallama. Ku kuma ƙannena, abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

To jama'a, a gidanku ya ake ciki bana? Ku rubuto mana, za mu karanta a shirinmu na gaba in Allah Ya kai mu. Allah Ya sa albarka a abin da aka girbe, Ya shirya mana zuri'a. Amin.