Gicciyen Keltawa

gicciyèn Keltāwā [gicciyḕ + -n + Keltāwā] sn., nj.; jam. ba a cika jam'inta shi ba.

1. Gicciyen Kirista mai zobe kewaye da mahaɗar sandunansa, na Ayalan, Sikotlan da Wales. Mis. Ta rataya ~ a wuya.

2. Dogon dutse da aka sassaƙa a wannan siffa a harabar gidajen sufaye, ƙarni na 8 zuwa na 12. Jikinsa cike da saƙar igiya da hotunan labaran Littafi Mai Tsarki. Mis. ~ na Muiredach a Monasterboice, ƙarni na 10, gwanin kyau.

3. (alama) Zoben: dawwama, hasken tsarki, ko kambin nasarar Almasihu, yana kuma tallafe hannuwan dutsen. Cewa Waliyyi Patrick ya haɗa gicciye da rana, wadda mutanen dā ke bauta wa, hikaya ce.

4. Dutsen kabari, da shaidar asalin Ayalan, tun ƙarni na 19.

5. Siffa mai gajerun hannuwa daidai wa daida, wadda masu wariyar launin fata suka ara. Kada a gama ta da 1.

Dangi: gicciye (fi.); gicciyewa; gicciyayye, gicciyayyiya, gicciyayyu (sf.). Dubi: kuros.