Gwajin maganin kansa: me ya sa bai iso karkarar Allakaye ba?

Gwajin magani bincike ne da likitoci ke yi a kan masu sa kai kafin a amince da sabon magani. Ana farawa da mutane kaɗan don a ga ko yana da illa, sannan a faɗaɗa, daga ƙarshe a gwada shi da maganin da ake da shi. A Nijar sai kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya ya amince kafin a fara.

Irin wannan aiki ba baƙo ba ne a karkarar Nijar. A 2014 cibiyar Epicentre ta ƙungiyar MSF ta fara gwajin rigakafin zawo na Rotasiil a kan dubban jarirai a Madarunfa, jihar Maraɗi. Amma kansa, wato cutar daji, sha'aninta daban ne. Kafin a shigar da majinyaci, dole a yanko ɗan nama daga ƙarin, a duba shi a ɗakin bincike, a san irin kansar da matakin da ta kai.

Nan ne matsalar take ga mazaunin Allakaye, a gundumar Buza ta jihar Tawa. Cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, CNLC, a Yamai take, tafiyar fiye da kilomita 500, kuma sai a 2021 ta fara gashin kansa da na'ura, da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Tun 2007 gwamnati ta ayyana maganin kansar mama da ta bakin mahaifa kyauta, amma kuɗin mota da masauki da abinci na kan iyali. Gwaji kuwa na buƙatar komawa akai-akai, har da lokacin damina da girbi. Ga kuma jinkiri: da yawa kan fara da maganin gargajiya, sai ciwo ya ci ƙarfi su je asibiti, lokacin da sharuɗɗan gwaji da dama ba sa karɓar su.

Akwai kuma batun yarda. A ƙasar Hausa ba a manta da gwajin Trovan na kamfanin Pfizer a Kano ba, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda yara 11 daga cikin 200 suka rasu.

Saboda haka duk wanda aka gayyata gwaji yana da haƙƙin a yi masa bayani da harshensa, ya yi shawara da danginsa, ya ƙi ko ya janye ba tare da an hana shi kulawar da ya saba samu ba.