Takardar Haraji da Takardar Ƙuri'a: Saiwar Siyasar Talaka a Karkarar Kano

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ya ratsa ta Dawakin Tofa ya nufi Bichi, zai ga ƙasar da ba ta da daji. Gona na bin gona, gawo da ɗorawa da kuka na tsaye a tsakiyar shuka, gida na hango gida. Ƙasa ce da ake nomawa kowace damina ba hutu, ana raya ta da takin dabbobi da sharar birni da jakuna suka daɗe suna ɗaukowa. A irin wannan wuri mutum ba ya iya ɓuya wa hukuma, kuma a ganina daga nan ya kamata a fara tarihin dimokuraɗiyyar talakan Kano. An saba cewa Turawa ne suka kawo ta a 1951, lokacin zaɓen farko. Akwati suka kawo. Tambayar da ake jefawa a cikinsa, wato da wane haƙƙi mai mulki yake karɓar abin hannun manomi, ta riga akwatin zuwa, kuma takardar haraji ce ta haife ta.

Masu neman saiwar abin a fada sukan kawo Tara ta Kano, majalisar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a zamaninsa, tsakanin 1463 da 1499. Sukan ƙara da masu zaɓen sarki huɗu na zamanin Fulani, waɗanda biyu daga cikinsu ma a wannan yanki suka yi hakimci, Madaki a Dawakin Tofa, Sarkin Bai a Ɗambatta. Gaskiya ne sarki bai taɓa cin karensa babu babbaka ba. Sai dai wannan shawara ce tsakanin masu rawani, ba wanda ya taɓa tambayar mai fartanya ra'ayinsa. Abin da talaka ya gada daga wancan zamani abu biyu ne. Na farko harshe: kalmomin adalci da zalunci, waɗanda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya wasa a Kitabul Farƙi inda ya lissafa jangali da gaisuwa cikin abubuwan da ya zargi sarakunan Haɓe da su. Tun daga nan ya tabbata a zukata cewa malami yana iya auna sarki da ma'aunin da ya fi sarki. Na biyu ƙafa: dagacin da ya matsa wa mutanensa yakan wayi gari ya tarar da kangaye, sun kwashe sun koma ƙasar wani.

Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, kuma cikin 'yan shekaru suka sauya zaman karkara. Hakimin da a da yake zaune a birni yana aiko jakada, aka tura shi ya tare a gundumarsa. Kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da sauran ƙananan kuɗaɗe aka dunƙule su, aka ce a biya da kuɗin Turawa maimakon wuri. A gundumomin da ke kewaye da birni malaman taki suka shiga gonaki suna aunawa suna rubutawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kasuwa, sai lokacin karɓar haraji ya haɗu da kaka, daidai sa'ar da amfanin gona yake arha. Manomi ya sayar don ya biya, bazara ta zo ya sayi hatsi da tsada, ko ya ci bashi. Mai unguwa da dagaci da hakimi da alƙali da ɗan doka da gidan yari duk suka koma ƙarƙashin inuwa ɗaya, ta En'e, ga bindigar Bature a bayanta. Ita kuwa tsohuwar dabarar ƙaura ta yi rauni, domin ƙasa ta cika, kuma duk inda mutum ya je sunansa na cikin littafi. Da ƙafa ta rasa wurin zuwa, sai baki ya buɗe.

Bakin ya sami suna ranar 8 ga Agusta, 1950, da matasa takwas suka kafa NEPU a Kano, cikinsu har da Magaji Ɗambatta da Abba Maikwaru da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya shigo, ya zama shugabanta a 1953. A nan ne mai musu zai ce, kuma da hujjarsa, NEPU jam'iyyar birni ce, ta teloli da mahauta da 'yan koli da malaman zaure, manoman karkara kuwa NPC suka riƙa zaɓa har juyin mulkin 1966. Ba a musun alƙaluman, amma a dubi yadda aka same su. Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi: ƙauye ya zaɓi wakilai, wakilai su zaɓi wasu, a matakin ƙarshe kuma En'e ta cusa nata mutanen. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, ta fita ba ko kujera ɗaya a majalisar Kaduna. Bayan haka, wanda zai ba da izinin lacca shi ne abokin hamayya, alƙalin da zai yi shari'a ma'aikacinsa ne, wanda zai yanka wa mutum haraji kuwa ya san gidan da aka kafa tutar NEPU. Ga 'yan Mahaukata, 'yan bangar NPC, da sanduna. Ƙuri'ar da aka kaɗa a haka tsoro ta auna, ba ra'ayi ba. Sa'an nan katangar da ake zato tsakanin birni da ƙauye ba ta da tsawo a wannan yanki: manomin damina shi ne ɗan ci-rani da masaƙi da mai jaki a rani, abin da ya ji a kasuwar Kurmi da shi yake kwana a zaurensu.

Gwajin gaskiya ya zo a 1979. Kafin nan gwamnatin soja ta ƙwace 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage wa hakimai ƙarfi, matan Arewa kuma sun sami ƙuri'ar da Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kanta. Da aka ɗauke sanda, sai ga abin da ke ƙasa: PRP, sabuwar jam'iyyar Malam Aminu mai alamar makulli, ta share Jihar Kano, birni da karkara, Malam Aminu ya sami fiye da kashi 70 cikin ɗari na ƙuri'un shugaban ƙasa a jihar. Abu na farko da Gwamna Abubakar Rimi ya yi suna da shi kuwa shi ne soke haraji da jangali. Jam'iyyar ta san abin da aka zaɓe ta ta yi.

Tarihin Rasha yana jan kunne a nan. Mutanenta ma suna da saiwa: taron jama'ar birnin Nobgorod da ake kira da ƙararrawa har Iban na Uku ya sauke ta a 1478, da majalisar ƙauye da ke raba gonaki da nauyin haraji. Da aka ba manomansu ƙuri'a a Nuwamban 1917 suka zaɓi jam'iyyar da ta yi musu alƙawarin ƙasa, 'yan Bolshebik suka watse majalisar a Janairun 1918 bayan zama ɗaya tak. Dimokuraɗiyyar Kano ma soja sun tsinke ta a 1966 da ƙarshen 1983, ita PRP kuma ta dare gida biyu, santsi da taɓo, tun Malam yana da rai. Duk da haka ɗabi'ar juya wa mai ƙarfi baya ba ta mutu ba: a 1993 Kano ta zaɓi Abiola ta bar ɗanta Bashir Tofa, a 2003 ta kayar da gwamna mai ci, a 2023 ta sake kayar da jam'iyyar da ke kan mulki.

Musun da ya fi nauyi shi ne na yau, kuma daga cikin hujjar kanta ya fito. Idan haraji ne ya koya wa manomi tambaya, soke shi ya yanke igiyar da ta ɗaure shi da hukuma. Ba ina cewa a dawo da shi ba, wanda ya san yadda ake shanya magidanci a rana a ƙofar dagaci ba zai faɗi haka ba. Amma kuɗin da ke tafiyar da ƙaramar hukumar Makoɗa ko Tsanyawa yanzu daga Abuja yake zuwa, ya biyo ta gidan gwamnati, ciyaman ba ya bukatar ko kwabo daga manomi sai yatsansa, shi ma ranar zaɓe, da taliya da sabulu. Mutanen da suka iya kayar da gwamna ba a ba su damar kayar da kansila ba. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2018 da na 2021 APC ce ta kwashe duka 44, a na 2024 kuma NNPP ta kwashe duka 44.