Gwajin tuƙi ga baƙin da ba sa jin Turanci sosai

Gwajin tuƙi jarrabawa ce da hukuma take yi wa mai neman lasisi domin tabbatar da cewa ya iya sarrafa mota kuma ya san dokokin hanya. A yawancin ƙasashe gwajin kashi biyu ne: na sanin doka da alamomin hanya, da kuma na tuƙi a aikace. Ga baƙon da ya koma zama a ƙasar da harshen hukumarta Turanci ne, akan samu wanda ya ƙware a sitiyari amma ya kasa fahimtar tambayar da aka yi masa. Wannan matsala ta shafi Hausawan Nijar da ke zama a garuruwan iyaka irin su Mai'adua a Jihar Katsina, ta kuma shafi Hausawa mazauna Ingila da Amurka, amma nauyinta ya bambanta daga wuri zuwa wuri.

Mai'adua da zirga-zirgar iyaka

Mai'adua ƙaramar hukuma ce a masarautar Daura, tana arewa da garin Daura, kuma tana iyaka da Jamhuriyar Nijar. A cikinta ne tashar iyaka ta Kongolam take, a kan hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Daura ta wuce Matameye zuwa Damagaram. Kasuwar garin, wadda ta yi suna wajen cinikin dabbobi da hatsi, tana jawo fatake da direbobi daga ɓangarorin biyu. Wasu daga cikinsu sukan zo su koma a rana ɗaya, wasu kuma sukan zauna su kama aikin tuƙa motar haya ko ta ɗaukar kaya.

Baƙon da ya ƙetaro daga Nijar ba ya fuskantar sauyin hannu, domin Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, kamar yadda ake yi a maƙwabtanta da Faransa ta mallaka. Haka kuma ba ya rasa mai jin maganarsa, tunda Hausa ake yi a tasha da kasuwa. Inda bambancin yake shi ne a takarda. Lasisin Nijar, wanda Hausawan can suke kira farmi, da Faransanci aka saba rubuta shi, takardun Najeriya kuwa da Turanci. Ta wannan fuska, baƙon da ya yi boko da Faransanci da ɗan gari da ya yi karatun allo kaɗai matsala ɗaya suke fuskanta.

Matakan samun lasisi a Najeriya

Hukumomi uku ne suke da hannu a lasisin tuƙi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka fi sani da FRSC, aka kuma kafa ta a 1988, ita take ɗaukar bayanai da buga lasisin. Jami'an duba motoci na jiha, wato VIO, su suke yin gwajin. Hukumar tara kuɗin shiga ta jiha kuma ita take kula da biyan kuɗi da miƙa lasisin ga mai shi.

Mai nema a karon farko dole ne ya kai shekara 18. Zai fara da makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita, ya karɓi takardar shaidar kammalawa. Daga nan sai gwajin VIO, sai cike fom a intanet da biyan kuɗi, sai ɗaukar hoto da zanen yatsu a cibiyar lasisi. Akan ba shi lasisin wucin gadi na kwana 60 kafin na dindindin ya fito, wanda yake aiki na shekara 3 ko 5. Tun ƙarshen 2020 ake buƙatar lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, wadda baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida shi ma yake iya samu. Lasisin aji-aji ne: ajin A na babur ne, ajin B na ƙananan motocin gida, wasu kuma na motocin haya da manyan motoci.

Inda harshe yake shiga

A gwajin tuƙi a aikace, abin da jami'i yake dubawa shi ne tashi da tsayawa, sauya giya, yin ribas, duba madubi, ba da sigina da shiga shataletale. Umarnin da ake bayarwa gajere ne, kuma a arewacin Najeriya jami'i da mai gwaji sukan fahimci juna da Hausa. Kalmomin sana'ar ma, irin su birki da totur da giya, sun daɗe da zama Hausa.

Wahalar ta fi yawa a ɓangaren doka da cike takardu. Yawancin direbobin yankin a tasha suka koyi aikin: yaro yakan fara da wankin mota da ɗaura kaya, ya zama yaron mota, har maigidansa ya fara sakar masa sitiyari. Wannan hanya tana koyar da hannu, amma ba lallai ta koyar da ƙa'idar wa ke da haƙƙin wucewa a mahaɗa ko ma'anar layukan da aka ja a kan kwalta ba.

Alamomin hanya suna rage wannan giɓi, domin an tsara yawancinsu ne a gane su da siffa da launi. Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan alamomin hanya ta daidaita wannan tsari a ƙasashe da yawa. Alama mai kusurwa uku da jan gefe gargaɗi ce. Mai zagaye da jan gefe hani ce. Mai zagaye shuɗiya umarni ce. Jar alama mai kusurwa takwas tana nufin tsayawa cak, kuma haka take a Najeriya da Nijar. Allunan kwatance da na sanarwar aikin hanya ne suka fi buƙatar karatu.

Haɗarin bi ta bayan fage

Tsoron gwaji da rashin iya cike fom sukan kai mutane ga dillalai masu alkawarin kawo lasisi ba tare da an je ofis ba. FRSC ta sha gargaɗin cewa lasisin da ba a ɗauki hoto da zanen yatsun mai shi a cibiyar hukuma ba na jabu ne. Mai riƙe da shi yana iya fuskantar tara ko gurfana a kotu, kuma baƙo ya fi shiga tsaka mai wuya, saboda binciken yakan kai ga takardun zamansa. Babbar illar ita ce direban ya hau hanya da fasinjoji ba tare da kowa ya auna saninsa na doka ba.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

A Ingila da Sikotilan da Wales, baƙo yana iya tuƙi da lasisin ƙasarsa na wata 12. Najeriya da Nijar ba sa cikin ƙasashen da ake musanya lasisinsu kai tsaye, saboda haka dole a yi gwaji daga farko. Tun 7 ga Afrilu, 2014 aka daina amfani da tafinta da fassarar murya ta harsunan waje. Ana yin gwajin da Turanci ko harshen Wales ko maganar hannu ta kurame. Gwajin doka tambaya 50 ne, ana buƙatar cin 43, sannan akwai gwajin hango haɗari a bidiyo. Ga Bahaushe akwai ƙarin aiki, domin a can hannun hagu ake bi.

A Amurka kowace jiha da dokarta. Kalifoniya, alal misali, tana ba da gwajin doka da harsuna masu yawa, wasu jihohin kuma kaɗan. Direbobin manyan motocin kasuwanci kuwa dokar tarayya ta wajabta musu iya karanta Turanci da magana da shi, kuma an tsananta aiki da wannan doka a 2025. A Jamus ana iya yin gwajin doka da harsunan waje da dama, ciki har da Larabci da Faransanci da Turanci.

Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa ba ya maye gurbin gwaji. Fassara ce ta lasisin gida zuwa harsuna da dama, kuma matafiyi yake yi wa amfani na ɗan lokaci.

Muhawara

Masu goyon bayan gwaji da harshen hukuma kaɗai suna cewa direba yana buƙatar karanta allon gargaɗi da fahimtar jami'in hanya, kuma tafinta yana iya ba da amsa a ɓoye. Wannan na cikin dalilan da gwamnatin Birtaniya ta bayar. Masu adawa suna cewa gwajin na auna tuƙi ne ba harshe ba, kuma idan aka tsananta, mutane sukan yi tuƙi babu lasisi ko inshora. A yanki irin Mai'adua, inda jami'i da ɗan gari da baƙo duk Hausa suke yi, tambayar da ake yi ita ce ko za a samar da littafin dokokin hanya da fom da tambayoyin gwaji a harshen da direbobin suke aiki da shi kullum.