Gigin Tsufa da Tarihin Hijirarmu

Bayan shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a shekarar 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas, har ya sauka a bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake a yau. Wasu kakanninmu a wannan ayari suka zo. Wasu kuwa hanyar hajji ta biyo da su, suka tsaya noman auduga bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Zuriyarsu ce ta bazu a Suki da ƙauyukan Jazira.

Kaɗan ne daga wannan labari ya shiga takarda. Mafi yawansa yana bakin dattawan da suka ji daga iyayensu, ga shi kuwa gigin tsufa ya fara kama wasunsu. A da mukan ce wane ya ruɗe, mu bar zancen nan. Amma tun 1906 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya nuna cewa cuta ce mai cin ƙwaƙwalwa, tana kuma rage kwana.

Ajali na Allah ne, sai dai likitoci sun yi ƙiyasi. Wani nazari da mujallar BMJ ta buga a 2025 ya nuna cewa macen da aka gano cutar tana da shekara 65 takan ƙara kimanin shekara 8, namiji kuwa kusan 6. Idan a shekara 85 aka gano, mace takan ƙara 4 da rabi, namiji 2 da ɗoriya. Abin da yakan kawo ƙarshe shi ne ciwon huhu daga ƙwarewa wajen haɗiya, da faɗuwa, da rama. Sauyin muhalli ma yakan ƙara ruɗa mai cutar, ga shi yaƙin 2024 ya raba tsofaffin Suki da ɗakunansu.

Cutar takan fara goge abin da ya faru jiya, ta jinkirta wa na ƙuruciya. Tsohuwar da ta manta ko ta ci tuwo tana iya lissafa zangunan da mahaifinta ya yada daga Borno zuwa Darfur. Da tsohuwar zuma ake magani. Mu zauna da su da hantsi, lokacin da hankalinsu ya fi kwanciya, mu tambaye su a hankali ba tare da gardama ba, mu ɗauki muryarsu a waya, mu rubuta sunaye da garuruwa tun harshe bai yi nauyi ba.